Hotunan Baba na Ƙarshe

"Haske ya cinye su duka," in ji mai wanke hoto a Ikeja, ya turo mini ambulan. Hoto talatin da shida, fari fat, ko inuwar Baba babu.

Ni na ɗauke su da tsohuwar kyamararsa ranar Sallah, sati biyu kafin ya rasu. Shekara talatin ya yi yana sana'ar hoto a Agege. Ya sha ce mini, "Nazifa, duba haske kafin ki danna." Ban duba ba. Kuma ni na hana ƙannena ɗauka da waya, wai ina son abin tarihi.

Tun a motar danfo nake kuka. Ina shiga gida na durƙusa gaban Mama.

"Ki yafe mini, ni na ɓata su."

Ta daɗe tana juya kyamarar a hannunta.

"Ba ke ba ce. Washegarin Sallah Babanku ya warware fim ɗin a rana, ya naɗe ya mayar. Ya ce ba zai bar muku hotonsa a rame ba."

"Mama, kina kallo kika bar shi?"

"Hannunsa rawa yake yi," ta ce. "Ni na riƙe masa."