Abin Da Ya Faɗi Ƙasa Na Abla Ghada Ne

Dokar zauren bikin Abla Ghada guda ɗaya ce, kuma duk mai rawa a kudancin Jidda ta haddace ta: kuɗin liƙin da ya manne a jikinki naki ne, wanda ya faɗi ƙasa na zaure ne. Shi ya sa baiwar Allah take ƙure mukayyif ɗinta, wato na'urorin sanyaya ɗaki, guda shida, sanyi ya yi ta busowa har haƙoran amarya su kaɗa. Goshin da bai yi gumi ba, ina riyal zai kama? Sai a liƙa, takarda ta zame, masu tsintsiya su bi ta.

Shekarar Mastura goma sha ɗaya tana rawa a bukukuwan mata, tun suna unguwar Karantina kafin a rushe ta. Kuɗin da masu biki ke biya ma ba ya isowa hannunta da rai. Ghada ta cire kashi ɗaya cikin uku, mata makaɗa su ɗauki rabin saura, masu rawa huɗu su raba ragowar. Ranar da aka yi sa'a ta koma gida unguwar Mahjar da riyal ɗari biyu da ciwon gwiwa.

Amma fa tana son rawar nan kamar ranta. Da ta ji ganga, ko miya take juyawa, sai ludayi ya shiga kiɗa.

Mijinta Abdulmajid, ma'aikacin wani kamfanin gyare-gyare, mutum ne da dariyarsa ke tsada. Kullum mitarsa ɗaya: tana kashe gwiwarta tana yi wa Ghada ƙiba. Ranar Litinin ya yanke magana. In bikin Alhamis bai kawo riyal dubu ba, ta ajiye ɗamarar rawa har abada. Mastura da saurin baki ta ce ta yarda, har da rantsuwa. Daga nan ta shiga banɗaki ta yi kukanta, don ko ɗari biyar ba ta taɓa gani ba a zauren nan.

Ranar Alhamis shi ya kawo ta a motar aikinsa mai tsani a sama. Bai tambayi hanya ba. Tana sauka ya leƙo ta taga.

"Ki yi ta da kyau, ya Mastura, tunda ta ƙarshe ce."

Bikin jikar wani attajirin Bahaushe ne, mata sun kai ɗari uku, an cire abaya an baje gwala-gwalai. Zaure kuwa kamar cikin firij. Mastura ta ɗaura ɗamara jikinta a sanyaye. Aka buga gangar farko, wata Hajiya ta liƙa mata hamsin, takardar ta sulale ƙasa, tsintsiya ta yi gaba da ita.

Ana cikin waƙa ta biyu sai hucin mukayyif ya ɗauke. Duka shidan, lokaci guda.

Watan Agusta ne, a Jidda. Kafin minti goma kwalliya ta fara narkewa, goshin Mastura ya yi sharkaf. Wata ta liƙa ɗari. Ta zauna daram! Mastura ta taɓa goshinta ta ji takarda na nan, ta ƙwalla guɗar da ta firgita har makaɗa.

Daga nan zaure ya kece. Riyal a goshi, riyal a kumatu, a wuya, a dantse. Mata suka ga abin ya zama wasa, kowa na neman inda tata za ta kama. Rim, ƙaramar cikin masu rawa, tana juyi tana dariya har da hawaye, hawayen ma suka riƙe mata takardun goma guda biyu. Amarya ta tattare riga ta diro fili. Masu tsintsiya suka jingina da bango kamar masu jiran bas.

Abla Ghada kuwa sai zarya take da waya a kunne.

"Wallahi ɗazu da la'asar aka duba su! Mabuɗin saman bene yana hannun mai gyaran, na kira jawwal ɗinsa, wayar a kashe!"

Ta ce za ta kira wani ya shigo ya duba daga ciki. Uwar amarya ta tare ƙofa.

"Namiji? Mata ɗari uku kai a buɗe? Abadan! Yalla, a ci gaba da kiɗa!"

Mastura ba ta ma saurare su ba. Ta manta da gwiwa, ta yi rawar da rabonta da ita tun tana budurwa. Da aka tashi, a ɗakin canza kaya suka riƙa ɓamɓare kuɗi daga jikin juna suna shewa. Nata kaɗai dubu uku da ɗari huɗu. Ta kira Abdulmajid don ta yi masa gwalo ta waya, wayar ba ta shiga ba.

A bakin ƙofa ta same shi cikin mota, fuska a murtuke, gwiwoyin wandonsa duk ƙura. Ta faɗa ciki tana yi masa fifita da damin riyal.

"Ƙirga, Abdulmajid! Ƙirga da kyau! Wa zai ajiye ɗamara?"

"Halas, kin ci," ya ce, yana kallon titi. "Ni dai na faɗi tawa."

Ta yi ta rera masa waƙa har suka hau babban titi, ranta fes. Ta jawo aljihun mota don ta nemi robar ɗaure kuɗi, sai ga fiyus ɗin mukayyif guda shida sun gangaro cinyarta, tare da wani mabuɗi mai ɗauke da tambarin zauren Abla Ghada.