Ragowar Shinkafar Bature

Wani Bature ya yi atishawa cikin shinkafa da wakensa, ya tofa ƙayar kifi a kai, ya ture farantin ya yi gaba. Tun da jirgin ruwan nan ya baro garin Cartagena nake ganin wannan wulaƙanci wajen abincin rana.

Na yafito Yurleidis mai kwashe kwanuka, 'yar unguwarmu.

"Ke, haka kuke zubar da abincin Allah a teku? Ba kwa tsoron alhaki?"

Ta juye farantin cikin wata ƙatuwar tukunya, ta rufe.

"Haba Baba Evaristo, mu da zubarwa? Ai na gobe ne. Ɗumamen nan da kake cin faranti uku da safe, kana sa wa mai girki albarka, daga ina ka ɗauka yake fitowa?"