Wayar Inna Ta Yi Tsaf

Manhajar ta cika alkawari, wannan kam babu musu. An ce za ta share wayar Inna tas, kyauta, ta kuwa share. Hotunan jikoki, lambobin dangi, da saƙonnin muryar da marigayi Baba ya riƙa turo mata daga gadon asibiti, duk ta haɗa su da ƙwayoyin cuta ta yi gaba da su. Abin da ta bari shi ne hoton wata koriyar garkuwa, da albishir cewa yanzu wayar tana cikin aminci.

Babban ɗanta, wanda 'yan gida ke kira Ɗan Rediyo, yana zaune a bakin gadonta yana latse-latsen wayar. Shi ne masanin gidan. Yana karanta labaran rana a tashar rediyo, yana kuma ɗan taɓa ayyukan gefe, irin waɗanda ake miƙa wa mutum takarda ya karanta, a sallame shi, ba mai tambayar wani. Har shiri guda ya taɓa yi a kan irin waɗannan manhajoji. Ya ce waya ba ta cika buƙatar riga-kafi ba muddin mai ita ba ya buɗe wa kowane baƙo ƙofa, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Masu sauraro sun yaba ƙwarai.

Abin da bai faɗa a shirin ba shi ne, tun rasuwar Baba yake alkawarin kwafe saƙonnin nan zuwa kwamfutarsa. Kullum sai gobe. Ƙanwarsa Auta, wadda ke tsaye jikin ƙofa, ta san da alkawarin, ta kuma yi masa muguntar ƙin tayar da zancen.

Ya san akwai saƙo ɗaya da Inna ke saurare kowace safiya, inda Baba ke tari yana tambayarta ko ta sha maganinta. Ya sake bincika ko'ina a wayar. Babu shi. Kunya kuwa idan ta yi wa mutum yawa, yakan nemi wanda zai ɗora wa.

"Inna, me na ce miki ranar da na kawo wayar nan?"

"Ka ce kada in danna komai sai da yawunka."

"To?"

Inna ta ci gaba da jan carbinta. Ba ta karatun boko, kunnenta ne idonta, kuma a iya saninsa ba ta taɓa ƙetare wannan doka ba. Ko hoton jariri aka turo, sai ta jira shi. Shi ya sa ya kasa gane yadda aka yi wannan karon ba dannawa kaɗai ta yi ba, har ta sa an tura wa dangi kaf tallar manhajar, kowa ya samu rabonsa.

"Mutanen nan ba su da imani," in ji shi, tunda ba ya iya yi wa Inna tsawa. "A samu ƙato da lafiyarsa ya zauna yana yaudarar tsofaffi da daɗin baki. Ko wane ne, uwarsa ba ta yi dace ba."

"Yaya, a dai sassauta," in ji Auta, idonta a kan silin.

"In sassauta wa ɓarawo?"

"Nuna masa, Auta," Inna ta ce a hankali. "Kada ya tafi da zaton na raina maganarsa."

Auta ta matso ta miƙa masa wayarta, ta koma jikin ƙofa. Koriyar garkuwar ta juya a fuskar wayar, wata murya mai natsuwa ta yi sallama, ta ce iyayenmu ku daure ku danna nan, don kada a raba ku da abin da kuke ƙauna. Sai a lokacin ya tuna ɗan ɗakin ɗaukar murya, da mutumin da ya sa shi maimaita jimlar, yana cewa, "Ɗan ƙara tausasawa, malam, ka faɗa kamar da mahaifiyarka kake magana."