Turmin Tasalla

Shekara tara ke nan da hancin mutanen garin ya mutu, ba ya jin ƙamshi ko wari. Ba ya farkawa sai jiki ya motsa, zufa ta karyo. Ba a jima ba hukuma ta ɗaura wa kowa awarwaro mai tsuwa idan zuciya ta yi sauri, ta hana gudu da daka da jan guga, wai don lafiyar jama'a.

Ranar da Hajo ta haihu, uwarta Tasalla ta jawo tsohon turminta daga bayan ɗaki.

"Inna, za su ji fa," in ji Hajo.

"Su ji mana! Jikana ne, sai na ji ƙamshin kansa."

Ta shiga kirɓa turmin da ba kome a cikinsa, awarwaron na ta tsuwa, har zufa ta jiƙe mata riga. Ta ɗauki jaririn ta shaƙa, ta lumshe ido. Amma bayan ƙamshin akwai wani abu. Ta bi shi da hanci har bakin baho, inda aka tara ruwan famfo don wankan jaririn. Warin mushe yake yi.

Sai ga sallamar Ɗanjuma, jami'in da ke duba awarwaron unguwa.

"Gwaggo, don Allah ajiye taɓaryar nan."

Tasalla ta shure bahon, ruwan ya malale har takalminsa. Ta miƙa masa taɓaryar.

"Ungo, Ɗanjuma. Daka sau ɗari, ka sunsuni abin da 'ya'yanka ke sha, sannan ka kama ni."