Murfin Baƙin Mai

Duk shagon da Auta ya shiga a kasuwar tsofaffin kayan mota, ya nuna hoton murfin da yake nema a waya, sai a girgiza masa kai. Wani ma dariya ya yi, ya ce ai wannan motar ta girmi kowa a layin nan.

Motar ta Yayansa ce, ja, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa kwalta. Ko matarsa Yaya bai yarda ta jingina da ita ba. Amma ya yi tafiya, Auta kuwa ya san inda makulli ke kwana, ga shi da ƙaiƙayin hannu tun yana ƙarami.

Ya fita da ita, ya dawo da ita gefe a lotse. Lotsewar ba ta ba shi wahala ba. Ya ce wa mai gyaran bodi ginshiƙin get ya goga. Mutumin ya dube shi, ya dubi motar, ya buga ya fesa fenti, bai ƙara tambaya ba. Abin da ya gagara shi ne murfin baƙin mai. Irin wannan mota daga waje ake zuba mata, ta gefe, bayan ƙofa, kuma murfin yana ɗaure da 'yar sarƙa. Yanzu guntun sarƙar kaɗai ke lilo a wurin.

An kawo masa na roba, an kawo ƙirar maƙera. Duk aikin banza, don Yaya tun daga bakin ƙofa zai gane jabu, kuma idan ya fara tambaya ba ya tsayawa sai ya ga ƙarshenta. Ranar Asabar zai sauka.

Ko ƙofa aka ƙwanƙwasa sai gaban Auta ya faɗi. Hanyar da ya saba bi zuwa aiki ma ya sauya ta, ya koma zagaye.

Sai wani tsohon dillali a ƙarshen layi ya tsura wa hoton ido, ya ce akwai wata dattijuwa da ta zagaye kasuwar nan kaf da irin murfin, ta bar wa kowa lambarta. An taya, ta hana. Ta ce mai irin motar kawai za ta ba.

Muryarta a waya babu gaggawa ko kaɗan.

"Ka zo da motar, ɗana. Sai na ga ya zauna da idona."

Bai so fito da ita ba, amma ba shi da zaɓi. Ya bi ta lungu-lungu, gilas a rufe, gumi na bin bayansa.

Gidan ƙarami ne, a share fes. An jibge kujerun roba a kusurwa, irin waɗanda ake arowa idan baƙi sun yi yawa. Babu gareji, babu ko ɗigon mai a ƙasa. Wasu magidanta biyu masu kama da juna suna zaune a benci, suka amsa gaisuwarsa a taƙaice. Da ya shigo da motar, ɗaya ya tashi ya tura get, ya zura sakata.

Dattijuwar ta fito a hankali, idanunta sun kumbura. Ta kwance hankici ta miƙo masa. Nauyin kaɗai ya ishe shi shaida: na asali ne, ƙarfe tsantsa, har da rubutunsa. Ya ɗora, ya murɗa, murfi ya zauna daram. Ta sunkuya da kanta, ta kama guntun sarƙar jikin murfin ta haɗa da na jikin motar. Suka haɗu baki da baki.

Auta bai lura ba, daɗi ya riga ya rufe masa ido. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, har ya tarar da kansa yana dariya.

"Mama, kin ceci raina, wallahi. Ashe Baban gidan nan ma ya taɓa riƙe irin wannan motar?"

Magidantan nan biyu sun riga sun miƙe, suna tsaye a bayansa. Ta ninke hankicin, ta dube shi ido cikin ido.

"Bai taɓa mallakar mota ba, ɗana, a ƙafa yake yawonsa. Da aka ɗauko mana gawarsa daga bakin titi, da ƙyar muka buɗe yatsunsa muka ciro wannan."