Hannun Mai Nasara

Haƙoran Lawali biyu suka zube cikin tiren shayi, kuma laifinsa dariya ce kawai. Bukar ya goge bayan hannunsa a wando, ya ɗauki 'yar na'urar wasansa daga ƙasa, ya sake duba gilashin. Rubutun bai canja ba. Mai Nasara ya cinye shi, karo na goma sha tara.

Wanda bai san wannan fada, wato majalisar hirar 'yan kabu-kabu masu haya da babur a Zango, ba zai ce abin bai kai na zubar da jini ba. Bulo ne ke faɗowa daga saman gilashi, kana juya su kana jerawa. In ka cike layi sai ya ɓace a wurinka, ya tsiro ƙarƙashin ginin abokin karawarka, wanda nasa ya fara taɓa sama kuwa ya faɗi. To amma da wannan wasa suke naɗa shugaba. Da can adda ke naɗawa, sai da aka binne mutum biyu sannan suka yarda gwanin bulo ya zama shef. Shekara uku Bukar yana kan kujerar, kuma ba shi da wani abu a duniya da ya wuce ta.

Sai ga Mai Nasara. Kullum bayan la'asar, da Bukar ya jingina da katangar gidansu ya kunna na'ura, sunan zai fito yana neman karawa. Mutumin ba ya gaggawa. Sumul yake ɗora layi bisa layi, ba ramin da allura za ta shiga, ya bar kafa guda a gefe kamar mai barin wurin ƙofa. Sai Bukar ya fara murna, sannan mutumin ya toshe ta da dogon bulo, ya aiko masa layi huɗu a tare. 'Yan fada har sun fara raɗa cewa ranar da mutumin nan ya nuna fuskarsa, kujera tasa ce.

Na'urorin ba sa jin juna in an wuce taku ashirin, don haka Bukar ya san mai cin mutuncinsa yana kusa. Ya caje aljihun kowa. Mai shayi ya sha mari, mai faci ya sha ƙafa a ciki. Ranar da ya zubar wa Lawali haƙora kuwa, Bukar ya miƙe tsakiyar layi ya rantse, duk unguwa na ji, cewa in ya kama Mai Nasara sai ya farfasa masa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Ƙanwarsa Nafisa ta leƙo ta ce ya rage murya, tsoho yana kwance. Ya kore ta. Shi da mahaifinsa dama ba wata magana. Ɗan fari ne, Malam Yunusa magini bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗora shi a cinya ba, don kunya. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da tsohon bara, ta tafi da harshensa da hannun dama, gaisuwar safe daga bakin ƙofa ce ta rage.

Lawali ne, da kumburarren baki, ya kawo sunan Yakuba tela. Shagonsa na kallon fadar, taku goma sha biyu. Kullum da safe yana shiga gidan su Bukar ya taya Nafisa juya tsoho, ya murza masa yatsu kamar yadda likita ya ce. Lawali ya ce da idonsa ya ga Yakuba ya ɗauki tsohuwar na'urar Bukar, mai fasasshen gilashi, wadda Bukar ɗin ya yar a zaure.

Bukar ya ciro sarƙar babur ya tsallaka. Tare suka yi lakwal, wato makarantar boko, da Yakuba, amma wannan bai zo masa a rai ba. Ya tambaye shi ina na'urar, kuma wane ne Mai Nasara. Yakuba ya dubi sarƙar, ya dubi katangar da ke bayan Bukar. Sannan ya ture yadin da yake ɗinki, ya shimfiɗa hannunsa bisa tebur.

"Ni ne, Bukar. Cika rantsuwarka a nan, ta ƙare."

Sau huɗu sarƙar ta sauka. Jini ya ɓata shaddar mutane, ƙashin ɗan yatsa ya fito fari. Yakuba ya cije wuyan rigarsa don kada ihunsa ya tsallaka layi. A bayan babur aka kai shi asibiti.

Washegari bayan la'asar Bukar ya zauna wurinsa, ransa fes. Ya kunna na'ura. Sunan ya fito.

'Yan fada suka ɗaga hannuwansu sama don ya gani, shagon tela kuwa a kulle yake. Bukar ya karɓi karawar, ya naɗe sarƙar a damtse, ya tashi yana kallon alamar da ke nuna kusancin na'urori. Ya yi wajen titi, ta ragu. Ya dawo jikin katanga, ta cika. Ya shiga zaure, ya wuce Nafisa da ke tsaye ta toshe baki da gyale. Kiɗan wasan yana fitowa daga ɗakin da ke jingine da katangar, daidai bayan inda yake zama. Ya hankaɗa labulen da sarƙar a ɗage.

Na'ura mai fasasshen gilashi tana bisa matashin kai, babban yatsan hannun daman da aka ce ya mutu yana danna ta a hankali. Malam Yunusa bai ɗago ba. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa wasa da ɗansa na fari ba, sai da ya sami katanga a tsakaninsu.