Lalle a Ruwan Tumatir

Tun da ciwon yaushi ya cinye gonakin Kadawa, tumatir ya koma rumfunan gilashi, kowace rumfa da tankinta. Da ƙwayar cuta ta shiga, ruwan tankin sai ya yi ja. Doka kuwa ba ta jiran bincike: a ƙone rumfar, a karya hannun da ya taɓa ruwan.

Ladidi ta biyo daga gidan biki ta kawo wa mijinta Tanimu fura a rumfarsa, ta ɗauraye hannu a ruwan tanki. Kafin ya kai ludayi baki, jiniya ta ɗauka. Ruwa ya yi jajir.

'Yan sintiri suka dira, suka danne hannun Tanimu a kan bulo.

"Wallahi da safe fari tas yake!" in ji shi.

Shugabansu ya sauke masa gora a hannu. Ƙashi ya ce ƙaras. Wani ya watsa fetur, gilashi ya shiga fashewa.

Ladidi ta ɗaga hannu za ta ɗora a ka, sai ta ga tafinta: ɗanyen lallen biki, rabinsa ya wanke.

Tanimu ma ya gani. Cikin nishi ya ce, "Ladidi, mayar da hannunki cikin mayafi."